Martani: Zuciya Na Bugawa Da Kanta, Amma Linzaminta Yana Ƙeya

Wani rubutu da ya fito kwanan baya ya yi iƙirarin cewa zuciya sarauniya ce mai cin gashin kanta a jikin mutum da na dabba, ba ta jiran umarnin kowa, kuma wai maganar da masana ke yi cewa ƙwaƙwalwa ce ke daidaita bugun zuciya da matsin jini son zuciya ne kawai na masu fifita kai a kan ƙirji. Malamin da ya yi rubutun bai zo hannu rabbana ba. Ya tuna mana da abin da kowane mahauci ya sani, cewa zuciyar rago tana ci gaba da motsi bayan an yanka shi, har wani lokaci bayan an ciro ta. Ya kawo zancen mutanen da aka yi wa dashen zuciya, waɗanda suke rayuwa da zuciyar da ba ta da wata alaƙa da ƙwaƙwalwarsu. Sannan ya rufe da tambayar da ya ɗauka ta kashe bakin kowa: in har ƙwaƙwalwa ce ke iko, me ya hana mutum ya tsayar da zuciyarsa da tunani kamar yadda yake dunƙule hannunsa? Abubuwan da ya gani duk gaskiya ne, babu wanda zan musa. Inda muka raba hanya da Malam shi ne hukuncin da ya ɗora a kansu, domin ya haɗa tambayoyi biyu ya mayar da su ɗaya: wa ke tayar da bugu, da kuma wa ke yanke yawan bugun da ƙarfin jinin da zai biyo bayansa.

A tambaya ta farko Malam ya ci gari. Zuciyar dabbobi masu ƙashin baya tana da makunninta a cikinta, wani ɗan curin ƙwayoyin tsoka da a mutum da dabbobi masu shayarwa yake a saman ɗakinta na dama, wanda Arthur Keith da Martin Flack suka bayyana a Ingila a 1907. Wannan curi yana tayar da ɗan tartsatsin lantarki da kansa, a kai a kai, ko da babu wata jijiyar saƙo da ta taɓa shi, shi ya sa zuciyar kwaɗo ko ta kunkuru za ta daɗe tana bugawa a cikin kwano muddin ba ta bushe ba. To amma sai a ƙirga bugun. Idan aka bar makunnin zuciyar matashi ya yi abin da ya ga dama, yana bugawa kimanin sau 100 a minti. Shi kuwa mai lafiya da ke zaune a inuwa, in ka riƙe wuyan hannunsa, 60 zuwa 80 za ka ƙirga. Ina sauran suka tafi? Wani ne ya danne su, kuma yana nan yana dannewa dare da rana, har a cikin barci. A doki tazarar ta fi fitowa fili. Dokin da ke ɗaure a turke zuciyarsa ba ta cika wuce 30 zuwa 40 a minti ba, amma a tsakiyar sukuwa tana haura 200. Curin tsokar da ke cikin ƙirjinsa ba shi da ido da zai ga fili, ba shi da kunnen da zai ji kalangu ko kirari, bai san an sa wa doki ƙaimi ba. Dole akwai wanda ya gani, ya ji, ya aiko masa da labari.

An san mai aiken tun 1845. A wannan shekara 'yan'uwa biyu a birnin Leipzig na Jamus, Ernst Heinrich Weber da Eduard Weber, suka sa lantarki a wata doguwar jijiyar saƙo da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta gangara ta wuya ta shiga ƙirji da ciki, wadda ake kira bagus. Sai zuciyar dabbar da suka yi gwajin da ita ta rage gudu, da suka ƙara ƙarfi ta tsaya cak na ɗan lokaci. Abin ya ba masana na wancan zamani mamaki, domin a da sun ɗauka aikin jijiyar saƙo shi ne ta motsa gaɓa, ba su san akwai wadda aikinta hanawa ne ba. Bayan shekara 76, a 1921, Otto Loewi ya yi gwajin da ya kamata Malam ya karanta kafin ya kafa hujja da zuciyar da aka ciro, domin da irin wannan zuciyar aka yi shi. A birnin Graz na Ostiriya, Loewi ya ciro zukatan kwaɗi biyu suna bugawa, ɗaya da jijiyar bagus a jikinta. Ya zaburar da jijiyar har zuciyar farko ta lafa, sannan ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba wa ta biyu, ita ma ta lafa. Ashe jijiyar wani sinadari take saki, wanda daga baya aka tabbatar asetilkolin ne, kuma a kan wannan aiki Loewi ya raba kyautar Nobel ta 1936 da Henry Dale. Bagus ita ce linzami. Ƙaimin kuwa wasu jijiyoyi ne da ke fitowa daga laka a daidai ƙirji, suna sakin sinadarin noradirinalin, wanda ke ƙara wa zuciya sauri da ƙarfin matsa. Zuciyar da ke bugawa a kwano doki ne da ya yar da mahayinsa: yana tafiya, amma wannan ba ya nuna cewa tun farko ba a hau shi ba.

Babban giɓin da ke rubutun Malam ma ba a bugun zuciya yake ba, a matsin jini yake, domin ya ɗauka cewa matsin jini aikin zuciya ne ita kaɗai. Tun lokacin da Stephen Hales, wani limamin coci a Ingila, ya wallafa a 1733 yadda ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyar jinin wata goɗiya, jinin ya hau sama da ƙafa takwas, an fara gane cewa ƙarfin jini ya dogara da abu biyu: yawan abin da zuciya ke turawa, da kuma ƙuncin hanyar da yake bi. Duk mai ban-ruwa a fadama ya san haka, in ya matse bakin tiyo ruwa ya yi nisa ba tare da an taɓa injin ba. Ƙananan jijiyoyin jini suna da zoben tsoka a jikinsu, kuma wanda ke matse zoben ba zuciya ba ce. A 1851 Claude Bernard, a Faransa, ya yanke wata jijiyar saƙo a wuyan zomo, sai kunnen da ke wannan ɓangare ya yi ja ya ɗau zafi, saboda hanyoyin jininsa sun saki. Wato kafin yankan akwai saƙon da ke riƙe da su a matse a kowane lokaci. Daga ina saƙon yake fitowa? A 1871, a ɗakin binciken Carl Ludwig da ke Leipzig, wani ɗan Rasha mai suna Owsjannikow ya riƙa yanka ƙwaƙwalwar dabba daga sama yana gangarowa sannu a hankali, yana auna matsin jini. Manyan sassan sama duk an raba su da jiki, matsin bai faɗi ba. Sai da wuƙa ta iso wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, inda take haɗuwa da laka, sannan matsin ya rufto. Zuciyar na nan tana bugawa, lafiyarta ƙalau, amma jini ya rasa ƙarfi. Likitocin da ke karɓar waɗanda suka karya wuya a hatsarin mota suna ganin wannan a jikin mutum: laka ta katse a sama, zuciya ba ta ji ciwo ba, amma matsin jini ya faɗi ƙasa warwas, sai an tallafa masa da magani.

Wannan wuri na ƙeya ba a makance yake ba da umarni ba, yana da masu kawo masa rahoto. A bangon babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya, da kuma inda jijiyar jinin wuya ta rabu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, akwai bakunan jijiyoyin saƙo masu jin miƙewar bango. Cyon da Ludwig sun gano ta farko a jikin zomo a 1866, Heinrich Hering kuma ya bayyana aikin ta wuya a shekarun 1920. Duk bugun da zuciya ta yi, bangon ya ɗan kumbura, su kuma su aika sama. Idan matsi ya hau, saƙon ya yawaita, sai gindin ƙwaƙwalwa ya ja linzami ya sassauta ƙaimi, zuciya ta lafa, hanyoyin jini su buɗe. Idan matsi ya sauka, a yi akasin haka. Abin yana faruwa cikin bugu ɗaya ko biyu. Mutumin da ya miƙe daga tabarma, kimanin rabin lita na jininsa ne ke gangarawa ƙafafu da ciki nan take, kuma abin da ya hana shi faɗuwa sumamme shi ne wannan kai-komo da aka gama kafin ya ɗaga ƙafa. Ɗan jirin da tsofaffi ke ji in sun tashi da gaggawa alama ce ta cewa rahoton ya ɗan makara. Haka saniyar da ta yi asarar jini: bugunta ya yi sauri, dasashinta ya yi fari, ƙafafunta su yi sanyi, domin an janye jini daga fata an tura shi inda rai yake. Zuciya ba ta da hanyar da za ta matse jijiyar jinin da ke dasashi. A 2018 masu bincike a Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa wasu ƙofofi biyu a fatar waɗannan jijiyoyi, Piezo1 da Piezo2, suna da hannu wajen jin miƙewar, kuma ɓerayen da aka cire musu su matsin jininsu ya riƙa hawa da sauka ba tsari.

Dabbobin da halittarsu ta kai iyaka sun fi nuna abin ƙarara. Raƙumin dawa, irin wanda har yanzu ke kiwo a yankin Kure kusa da Yamai, kansa yana sama da zuciyarsa da kusan mita biyu, saboda haka matsin jininsa ya kai ninki biyu na namu, abin da a jikin mutum za a garzaya da shi asibiti. In ya sunkuya shan ruwa kan ya koma ƙasa da zuciya, in ya ji motsi ya ɗago cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya zura da gudu bai suma ba. Gaskiya ne wani ɓangare na sirrin a ginin jikinsa yake, kamar matsattsiyar fatar ƙafafu da 'yan marufan da ke cikin jijiyar wuya, ba komai ne za a jingina wa ƙwaƙwalwa ba. Amma agwagwa ba ta bar wa Malam wannan mafita ba. In kanta ya nutse a ruwa bugun zuciyarta yana faɗuwa ƙwarai, hanyoyin jinin tsoka da hanji su tsuke, a tanadi iskar da ke cikin jini domin ƙwaƙwalwa da zuciya. In aka yanke bagus, ko aka yi mata allurar atirofin mai toshe aikin asetilkolin, wannan raguwar bugu ta ɓace, alhali zuciyar ita ce dai ta jiya. A 2019 masu bincike na Jami'ar Stanford suka manna na'ura a jikin shuɗin wel, dabbar teku da ta fi kowace dabba girma a duniya, suka ga bugunsa yana sauka har zuwa biyu a minti a ƙarƙashin ruwa, ya haura zuwa 37 in ya taso shaƙar iska. Zuciya ɗaya, makunni ɗaya, abin da ya canja kawai shi ne umarnin da ke saukowa.

Mu koma kan dashen zuciya, hujjar da Malam ya fi tinƙaho da ita. Tun da Christiaan Barnard ya yi dashe na farko a Cape Town a 1967, likitoci sun san cewa sabuwar zuciya tana zuwa ne da jijiyoyin saƙonta a yanke. Mai ita yana rayuwa, wannan babu shakka. Sai dai a duba yadda take aiki. Yana zaune bai yi komai ba, bugunsa yana tsakanin 90 da 110, daidai abin da ake tsammani daga makunnin da aka cire wa linzami. In ya fara hawan bene zuciyar ba ta amsawa nan take, sai bayan mintuna, in ya tsaya kuma ta daɗe ba ta sauko ba. Ƙarin da take yi a makare ɗin ma daga ina yake? Daga adirinalin da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke kan ƙoda suke zubawa cikin jini, su kuma da umarnin ƙwaƙwalwa ta hanyar laka suke zubawa. An gwada wannan a Amurka a shekarun 1960 da karnukan tsere: waɗanda aka yanke wa jijiyoyin zuciya sun yi gudu kusan kamar da, amma da aka ƙara musu maganin da ke toshe aikin adirinalin sai gudun ya gagara. Wato an datse wa ƙwaƙwalwa gajeriyar hanya, ta zagaya ta doguwa. Kar kuma a manta, wanda aka yi wa dashe zuciyarsa kaɗai aka canja, duk jijiyoyin jininsa suna nan a hannun ƙeyarsa kamar da. Da an yanke waɗannan ma, da ko zama a bakin gado sai ya gagare shi.

Tambayar da Malam ya ɗauka ta fi ƙarfi ita ce ta fi rauni. Ya ce me ya sa ba ma iya tsayar da zuciya da tunani, kamar dai ƙwaƙwalwa ba ta da wani aiki sai tunani. Ɓangaren da muke shawara da shi wani yanki ne kawai. Gumi, da faɗin baƙin ido a duhu, da zubar yawu in an ji ƙamshin tsire, babu wanda mutum ke yi da niyya, kuma babu mai cewa ba daga kai suke ba. An ajiye ragamar zuciya a inda son rai ba ya kaiwa, kuma alheri ne da aka yi haka, in ba haka ba da mantuwa ko fushi ko barci sun kashe mutane da yawa. Duk da haka sassan sama suna da ƙofar da suke leƙowa. Harshenmu ma ya riga masana lura da wannan. Muna cewa gabana ya faɗi, muna cewa zuciyata ta tsinke, kuma ba a faɗin haka sai bayan kunne ya ji mummunan labari ko ido ya ga maciji a bakin ƙofa. Labari ta kunne yake shiga, ba ta haƙarƙari ba. A 1913 August Krogh da Johannes Lindhard, a Denmak, sun nuna cewa bugun zuciya yana tashi a daidai lokacin da mutum ya fara aikin ƙarfi, da saurin da ba zai yiwu a ce wani sinadari ne daga tsoka ya kai ga zuciya ba. Su kansu sun jingina abin ga saƙo daga ƙwaƙwalwa. Ba ni da ja da matsayin da zuciya take da shi a addini da adabi a matsayin mazaunin niyya da imani, wannan wani fage ne da ke da malamansa. Amma Malam da kansa ya shigo fagen tsoka da jini, kuma a nan awo ake yi.

Akwai wata suka da ta fi duk waɗanda ya kawo nauyi, ban ga ya ambace ta ba, kuma adalci ne a kawo masa ita. A 1973 Allen Cowley da Arthur Guyton da abokin aikinsu, a Jami'ar Mississippi, suka yanke wa karnuka jijiyoyin nan masu kai rahoton matsi, suka auna su dare da rana. Matsakaicin matsin jinin bai canja sosai ba. Daga nan Guyton ya ƙarfafa ra'ayinsa cewa a tsawon makonni da watanni ƙoda ce ke yanke matakin matsin jini, ta hanyar yawan gishiri da ruwan da take riƙewa ko zubarwa. Wannan gaskiya ce mai nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa ake hana mai hawan jini yawan gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Amma ba ta taimaki Malam ba ko kaɗan, domin ƙoda ta ba wa sarautar, ba zuciya ba. Sannan sauran sakamakon gwajin yana gefena: matsin jinin waɗannan karnuka ya riƙa lilo, tazarar hawansa da saukarsa ta kusan ninkawa, ɗan motsi ko ɗan firgici sai ya cilla shi sama ko ƙasa. Ita kanta ƙodar akwai jijiyoyin saƙo da ke shiga cikinta suna sa ta saki sinadarin renin ta riƙe gishiri, kuma sinadarin da ke sa ta tsimin ruwa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, haka ƙishirwa. Yawan rabon da ƙwaƙwalwa ke da shi a hawan jini mai daɗewa abu ne da masana ke ta muhawara a kai har gobe. Daidaitawar daƙiƙa zuwa daƙiƙa kuwa an gama wannan magana tun da daɗewa.

Wataƙila Malam zai ce ai an gano zuciya tana da nata ƙwayoyin saƙo, har wasu na kiransu ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan zaruruwan da ke cikin bagus daga ƙasa suke kai labari sama. Duka biyun haka ne. Amma yawan wasiƙun da ke tafiya fada ba ya mayar da dagaci sarki, yana nuna inda ake yanke hukunci ne. Waɗannan ƙwayoyi da ke jikin zuciya mafi yawansu zango ne da saƙon bagus ke sauka kafin ya ƙarasa.

Da a ce maganar ta tsaya a takarda, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma mai karatu da ya yarda cewa kai ba shi da hannu a matsin jini zai kasa fahimtar abubuwan da ke gabansa kullum. Metildofa, maganin da ake yawan ba mata masu juna biyu da jininsu ya hau a asibitocinmu, a gindin ƙwaƙwalwa yake aikinsa, yana rage saƙon matsewa da ke sauka zuwa jijiyoyin jini, shi ya sa yake sa wasu kasala da barci. Zailazin da likitan dabbobi ke yi wa sa ko doki kafin ɗinki yana rage bugun zuciya, kuma wannan na cikin dalilan da ya sa ba allurar da makiyayi zai saya ya yi da ka ba ce. Wanda ya bugu a ka, jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa, matsin jininsa yana hawa bugunsa yana raguwa, alamar da Harvey Cushing ya bayyana a farkon ƙarni na 20 bayan gwaji a kan karnuka, kuma ma'aikacin jinyar da ya gan ta ya san kai ne ke cikin haɗari ko da zuciya lafiya lau take. Ina kira ga Malam, cikin girmamawa, da ya riƙe rabin maganarsa da ya tabbata, cewa zuciya tana tayar da bugunta da kanta, ya janye rabin da ya ce ba ta da mai juya ta, kuma ya yi janyewar a fili kamar yadda ya yi iƙirarin a fili.